Kabewar Amurka da Tashen da Muka Hana

Da zarar watan Oktoba ya kusa ƙarewa, sai wayoyinmu su cika da hotunan kabewa mai haƙora, da yara cikin shigar ƙwarangwal, da manya sun shafa jan abu a baki kamar sun sha jini. Daga nan jama'a su rabu gida biyu. Gida na farko su ne ƴan gayun manyan birane, su Abuja da Akara da Abijan, waɗanda suka ga abin a fim suka ce lalle sai an yi shi a nan. Otal ya buga sanarwa, makaranta mai tsada ta aika wa iyaye takarda cewa ranar 31 kowane yaro ya zo da fuskar dodo. Gida na biyu su ne masu tura saƙon nan da ke dawowa kowace shekara kamar hunturu, wai a ranar aka haifi Iblis, wai ana yanka jarirai, wai duk wanda bai tura wa mutum goma ba yana da kamasho cikin zunubin. Da gidajen biyu nake faɗa, domin babu wanda ya tsaya a cikinsu ya dubi Halowin a inda take, balle ya ga darasin da ke cikinta, wanda ya shafi ƴaƴanmu fiye da kowace kabewa.

Mu je wurin tukuna. A yankin arewacin Amurka, daga Satumba zuwa Nuwamba ita ce kakarsu. Ganyen itatuwa ya rikiɗe ya koma ja da ruwan ɗorawa kafin ya zube, sanyi ya fara kaɗawa, masara ta bushe, tuffa ta nuna, kabewa ta cika gonaki. Jihar Illinois ta fi kowace jiha noman kabewa, har wani ƙaramin gari a cikinta mai suna Morton ke kiran kansa babban birnin kabewa na duniya. A Circleville ta jihar Ohio tun 1903 suke baje kolin kabewa kowace Oktoba, ana ɗora ta a sikeli a ga ta wa ta fi nauyi, yadda makiyayanmu ke gwada raguna gab da layya. Manomin da gonarsa ke kusa da birni kuwa ya gane cewa in ya buɗe ƙofarta ga iyalai zai samu abin da dillali ba zai ba shi ba. Ranar Asabar uba da uwa su kwaso yara, a biya kuɗin shiga, a hau tirelar da tarakta ke ja an shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa, a zagaya gona. Kowane yaro ya zaɓi kabewarsa da hannunsa, a tsinko tuffa a kwando, a sha ruwanta da ɗuminsa. Wasu manoman sukan sare hanyoyi masu murɗe-murɗe cikin masarar da ta fi mutum tsayi, a shiga a ɓace, a yi ta neman mafita ana dariya. Wannan ma ba wani abin kaka da kakanni ba ne, a 1993 aka soma irinsa a jihar Pennsylvania. In dare ya yi sai a bar wa samari da manya gidajen tsoro, inda mutum ke biyan kuɗi da hannunsa don a firgita shi.

A gida kuma sai a fafe kabewar kamar yadda ake fafe ƙwarya, a yanka mata ido da baki, a kunna kyandir a ciki, a ajiye a bakin ƙofa. Ranar 31 da la'asar sakaliya yara su yi shigar burtu, wannan likita, wannan mayya, wancan jarumin fim, su riƙi jaka su bi gida-gida suna faɗin kalma ɗaya mai ma'anar ko a ba mu alewa ko mu yi ɓarna. Akwai ƙa'idar da kowa ya sani ba tare da an rubuta ba: gidan da ya kunna fitilar ƙofa ya ce bisimilla, wanda ya kashe a wuce shi, ba gaba ba zagi.

A nan nake so mai karatu ya dakata. Wannan ƙasa ce da mutum ke iya shekaru bai san sunan maƙwabcinsa ba, ƙasar da ake koya wa yaro tun yana tatata kada ya kula baƙo, ƙasar da gidaje da yawa akwai bindiga a aljihun tebur. Amma dare ɗaya a shekara ɗan shekara shida ya ƙwanƙwasa ƙofar wanda bai taɓa gani ba, a buɗe masa da fara'a, a yaba shigarsa, a zuba masa cakulan a jaka. Tsohuwar da ƴaƴanta suka watse ta zauna a ƙofar gida da ƙaton kwano tana ƙirga yara nawa suka zo mata bana. Ubanni suna biye a baya riƙe da tocila, ƙila ranar ce kaɗai suke gaisawa da juna. Ran Halowin ke nan. Ƙwarangwal da saƙar gizo ta roba ado ne kawai, kamar jan yashin da ake zuba wa ɗakin amarya.

To ina Iblis ya shigo? Sunan kansa ma'anarsa jajibirin ranar waliyyai, domin 1 ga Nuwamba ita ce ranar da cocin Katolika ta keɓe don tunawa da dukkan waliyyanta, kuma tun ƙarni na 8 da na 9 aka tsayar da wannan rana. Mutanen Ailan da Sukotlan kuwa suna da nasu tsohon bikin ƙarshen girbi a daidai wannan lokaci, Samhain, mai wutar dare da camfe-camfen cewa iskoki na yawo. Masana tarihi har yau suna jayayya a kan me ya fito daga coci, me ya fito daga tsohon bikin. Abin da babu jayayya a kai shi ne yunwa ce ta kai al'adar Amurka: daga 1845 cuta ta cinye dankalin Ailan, mutane wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu da yawa suka haye teku. A gida wata saiwa mai tauri suke fafewa su sa wuta a ciki. Da suka tarar da kabewa, mai girma da taushi, sai suka koma mata. Babu littafin tarihin da ya san ranar haihuwar Iblis, kuma wanda ya tura ƙarya don ya tsare addini, ƙarya dai ya tura.

Kada a juya mini magana. Ban ce Musulmi ya yi bikin Halowin ba. Bikin yana da tushe cikin kalandar wani addini da camfin wasu mutane, malamai sun yi bayani a kai, kuma wanda ya tsare iyalinsa daga gare shi ya yi daidai da abin da ya yi imani da shi. Ko a Amurkar akwai coci-coci da yawa da ba sa yarda da shi, sai su shirya wa yaransu bikin kaka a harabar coci, ba dodo ba mayya. Su ma ɗin, lura, ba su ce yara su zauna a ɗaki ba. Sun nemo musu wani abu. Wannan ita ce gaɓar da nake so mu kama.

Domin akwai abin da masu kwaikwayo ba su sani ba, masu tsinuwa ma ba su sani ba. Halowin ɗin yara da alewa da muke gani yau, dattawan gari ne suka ƙirƙiro ta da gangan don su yi maganin ƴan iskan samari. Shekara ɗari da suka wuce daren Halowin daren ɓarna ne a garuruwan Amurka. Samari su cire ƙyauren gida su rataye a kan itace, su kifar da ban-ɗakunan katako, su shafe tagogi da sabulu, su ɗora amalanke a kan rufin makaranta. A garin Anoka na jihar Minnesota mutane sun taɓa wayuwar gari suka tarar an kwance shanu suna yawo a babban titi. Me dattawan suka yi? A 1920 ƴan kasuwa da malaman makaranta da iyaye suka zauna, suka shirya jerin gwano na yara cikin shiga iri-iri, aka raba musu gugguru da gyaɗa da alewa, aka hura ƙatuwar wuta a dandali kowa ya kewaye ta. Yaron da ke cikin jerin gwano, uwarsa na kallonsa, ba shi da lokacin kwance saniyar kowa. Har yau garin na yin wannan biki, har ya zama abin da aka san shi da shi. Garuruwa da yawa suka bi sawu, kuma zuwa shekarun 1950, bayan an daina auna wa mutane sukari saboda yaƙin duniya na biyu, bin gida-gida don alewa ya zama ruwan dare. Kalmar ɓarnar ta tsaya a bakin yara, ɓarnar kanta ta ragu sosai.

Wani zai ce ai kwance saniya wasan yara ne, mu namu ƴan daba wuƙa suke riƙewa. To ga Detroit. Birnin ƙera motoci ne da masana'antu suka gudu suka bari, dubban gidaje suka zama kufai. Daren 30 ga Oktoba, wanda suke kira daren shaiɗan, ya tashi daga jifa da ƙwai ya koma cinna wuta. A 1984, cikin kwana uku, an samu gobara fiye da 800. Wasu na samari ne, wasu na masu gidajen ne da kansu don su karɓi kuɗin inshora. Har ƴan jarida daga ƙasashen waje suke zuwa ɗaukar hoton birni na ci da wuta. A 1995 hukumar birnin ta sake wa daren suna ya koma daren mala'iku, ta kira ƴan sa-kai, mutane dubbai suka fito kowa ya tsare layinsa, wasu a mota wasu a ƙasa, wasu aka ba su kufai guda su sa masa ido har asuba. An sa wa ƙananan yara dokar hana fita bayan wani lokaci, gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Amma an buɗe musu wuraren wasa, kuma ba a taɓa cewa an soke Halowin a Detroit ba. Gobarar ta yi ta raguwa shekara bayan shekara, har bayan 2017 aka ga babu sauran buƙatar sintirin, aka mai da ƙarfin wajen shirya wa iyalai shagali a unguwanni. Sun ɗauki shekara fiye da ashirin suna wannan aiki. Ba sanarwa ɗaya suka karanta a rediyo suka koma barci ba.

Ba yabon Amurka na zo yi ba, domin su ma abu biyu na cin bikin nasu kamar gara. Na farko tsoro. Tun shekarun 1970 ake yaɗa cewa miyagu na sa guba ko reza cikin alewar yara, har wasu asibitoci suka riƙa haska jakunkunan alewa da na'urar hoton ƙashi. Wani masanin zamantakewa, Joel Best, ya bi jaridu tun daga 1958 yana neman yaron da baƙo ya kashe da alewar Halowin, bai samu ko ɗaya ba. Labarin da aka fi kafa hujja da shi ya faru a Texas a 1974, kuma uban yaron ne da kansa ya sa wa ɗansa guba don ya ci kuɗin inshora. Haɗarin gaske mota ce: wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda ya duba alƙaluman shekara 42, ya nuna cewa mutuwar masu tafiya a ƙasa na ƙaruwa da kashi 43 cikin 100 a yammacin Halowin. Amma jita-jita ta fi alƙalami gudu. Iyaye da yawa sun daina barin yara su bi gida-gida, sai a taru a filin ajiye motoci na coci ko makaranta, kowa ya buɗe bayan motarsa a raba alewa cikin minti talatin a watse. Yaro ya samu alewarsa, amma tsohuwar nan mai ƙaton kwano ba wanda ya zo mata.

Na biyu kasuwa. Ƙungiyar ƴan kasuwar Amurka ta ƙiyasta cewa a 2023 an kashe dala biliyan 12.2 a kan Halowin, kuɗin da ya fi kasafin ƙasar Nijar na shekara guda nesa ba kusa ba. A ciki wajen dala miliyan 700 na kayan shigar karnuka da kyanwoyi ne. Akwai kamfani guda, Spirit Halloween, da ke kama shagunan da suka mutu ya buɗe rassa fiye da dubu na wata biyu kacal, ya kwashe ya tafi. Da uwa ke yanka tsohon zanen gado ta yi wa ɗanta rigar fatalwa, yanzu sai roba da aka yo oda daga wata nahiyar. Mafi ban takaici garin Salem ne na jihar Massachusetts. A 1692 aka rataye mutum 19 a can bisa zargin maita, aka danne wani tsoho da duwatsu har ya mutu, alhali babu maye ko ɗaya a cikinsu. Yau duk Oktoba garin cika yake maƙil da baƙi sanye da hular mayu, ana sayar da tikiti da giya kusa da wurin tunawa da waɗanda aka zalunta. Mu da har yanzu akan nuna tsohuwa a ce mayya ce a tara mata jama'a, bai kamata wannan ya ba mu dariya ba.

Wannan ɓangare na biyu, na roba da tikiti, shi kaɗai ke iya hawa jirgi. Maƙwabtaka ba ta shiga kwantena. Dubi Faransa, wadda mu nan muka fi sani. A 1997 kamfanin France Télécom ya so tallata wata wayar hannu mai launin lemo, sai ya jibge kabewa dubbai a dandalin Trocadéro na Paris. Shaguna suka kama, aka yi ta yayi na ƴan shekaru, sannan abin ya lafa, domin yaron da ya ƙwanƙwasa ƙofa a can sau da yawa bai tarar da kowa da kwano ba. A Saudiyya a 2022 an ga matasa cikin shigar dodanni a wurin shaƙatawa na Riyad, duniyar Musulmi ta ɗauki zafi. Ko a can ba unguwa ce ta buɗe ƙofa ba, fili ne mai shinge da masu gadi.

Inda abin ya fi muni Koriya ta Kudu ce. A Seoul Halowin ba ta yara ba ce, ta samari da ƴanmata ce da gidajen rawa. Daren 29 ga Oktoba 2022, karo na farko bayan sassauta dokokin korona, mutane wajen dubu ɗari suka kwarara unguwar Itaewon. A wani lungu mai gangara, wanda faɗinsa bai wuce mita huɗu ba, jama'a suka matse daga sama da ƙasa. Mutum 159 suka rasu, yawancinsu ƴan shekara ashirin da wani abu. Sa'o'i kafin nan mutane sun yi ta kiran ƴan sanda suna cewa za a mutu a nan. Babbar matsalar ita ce taron ba shi da mai shi. Babu wanda ya shirya, babu wanda ya ce ni ne mai alhakin wannan titi a daren nan. An aro shigar, an baro dattawan Anoka a gida.

Yanzu mai makarantar da ke tura wa iyaye takardar fuskar dodo, me kake koya wa yaran? Ba lokacin tuffa ba ne a nan, ganyen darbejiya bai rikiɗe ba, kabewarmu ta miyar taushe ce. Yaron zai sauko daga mota, ya shiga bayan katanga mai waya, ya karɓi alewa daga hannun malamar da ubansa ke biya, ya koma mota. Bai san ƙofar kowa ba. Ɗan mai gadi na leƙe ta ƙyaure. A Amurkar da kake kwaikwayo, ƴaƴan talakawa kan cika mota su tafi unguwar masu kuɗi don an san can alewa ta fi girma, kuma a ba su. Kai ka ɗauki abin da ke haɗa yara ka mai da shi abin tantance ɗan wane da ɗan wane. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Amma faɗana mafi girma da gida na biyu ne, domin su ne mu, su ne masu rinjaye. In aka buɗe layi a gidan rediyo kan maganar Halowin, waya ba ta hutawa, kowa na kukan an shigo mana da al'adar Nasara. In ka tambayi mai kiran yaushe rabon da ƴan tashe su shiga gidansa, sai ka ji shiru, ko ya ce ai yanzu zamani ya lalace. Yara su yi shiga, su bi gida-gida da dare, su yi wasa a ba su hatsi ko ƴan kuɗi: wa zai koya wa Bahaushe wannan? Daga goma ga azumi muke yin sa. Yaro ya liƙa gemun auduga ya ranƙwafa ya zama tsoho, wani ya yafa tsumma ya zama macukule, wani ya baje saiwoyi ya zama Jatau mai magani, ƴanmata su kifa ƙwarya a ruwa suna kiɗa. A Kano Nalako da jama'arsa su sa gwauraye a gaba. A Yamai yaran Zabarmawa na da nasu na zomo, su shafa farar ƙasa su fito. Har Wagadugu akwai wasan yara na azumi mai fuskokin ƙwarya da suke kira Dodo, kuma masu bincike sun ce fataken Hausawa ne suka kai shi can a ƙarni na 19. Wato mun taɓa zama masu fitar da irin wannan kaya waje. Kuma tashe ya fi alewa nauyi, domin a cikinsa yaro ke tsokanar mai rowa, da malamin ƙarya, da mijin da ba ya cefane, a yi dariya, wanda ya tsargu ya gyara.

Me muka yi da shi? A shekarun nan rundunar ƴan sandan Kano ta sha fitar da sanarwa cikin azumi cewa an dakatar da tashe, saboda ɓata-gari na fakewa da shi suna ƙwacen waya da faɗan daba. Ban ce ƙarya suka yi ba, wanda aka sara a lungu ya san ba wasa ba ne. A wasu garuruwan ma ba a buƙaci sanarwa ba: mun gina katanga, mun sa ƙofar ƙarfe, mun ce wa mai gadi kada ya bar almajirai su dame mu, wasu kuma suka bi da fatawa. Sai dai in tambaya: ɗan daba ya ajiye wuƙarsa don an hana tashe? Yana nan, ya koma bakin kasuwa da hawan sallah da taron siyasa. Wanda dokar ta kama shi ne ɗan shekara takwas mai gemun auduga. Shi ne ya koma ɗaki, ya karɓi wayar uwarsa, kuma a cikin wayar nan ne ya ga yaran Amurka da jakunkunansu. In ya girma ya sayi tikitin otal don ya sa fuskar dodo, sai mu ce Yahudu da Nasara sun lalata mana shi.

Kada kuma a ce ba mu iya tsari ba. Kokowa ai wasan kaka ce ta ƙauye, in an kai gero rumbu samari su fito dandali, kuma ita ma ba ta rasa rigima da jifa. A 1975 aka tara ta a Tawa aka mai da ita gasar ƙasa, da alƙalai da ƙa'ida da takobi, yau ga shi duk Nijar tsayawa take cak in ana karawar ƙarshe, daga Diffa har Tillaberi kunne na jikin rediyo. Da an bi ta da sanarwar hani tun farko, da yanzu sai dai a ba da labarinta, kamar yadda kalankuwa ke neman zama labari a garuruwa da yawa.

Abin da tashe ke buƙata bai kai na kokowa ba. Mai unguwa da limami da shugaban samari su zauna tun watan Sha'aban. A rubuta sunayen ƙungiyoyin yara, kowace da babba ɗaya ko biyu da za su biyo ta a baya. A sa lokaci, daga bayan asham zuwa ƙarfe goma, kowa a layinsa, ba a tsallaka titi zuwa wata unguwa. Wanda ya wuce shekara goma sha biyar ya zama mai rakiya, in yana son wasa a ba su dandali ɗaya da fitila da alƙalai, a sa buhun shinkafa ga ƙungiyar da ta fi. Ƴan sintirin da muke biya kowane wata su tsaya a bakin lungu. Wanda aka gani da makami a miƙa shi, shi kaɗai, da sunansa. Gidan da ke son ƴan tashe ya bar zaure a buɗe da fitila, wanda ba ya so ya rufe, ba gaba ba zagi. Mai makarantar nan kuma, in da gaske shigar burtu yake so ɗalibansa su yi, ga macukule nan kyauta, ya gayyato yaran makarantar gwamnati da ke bayan katangarsa su koya musu.

Azumi na tafe. Mai unguwar da ya fara rubuta sunayen yaran layinsa ya aiko mini, zan ba shi makirfo ya faɗa wa sauran yadda ya yi.